Rasuwar Munduwar Malam Sagindik

Da zuciya mai nauyi, amma ba da sunkuyar da kai ba, Malam Sagindik Orazuli, tsohon malamin 'yan aji ɗaya na makarantar garinmu, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin ɗalibansa rasuwar munduwarsa mai kashe tartsatsin jiki, wadda 'yan tsokana suka fi sani da Igiyar Maraƙi. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a bakin aikinta, a gaban baƙi. Ba ta yi wata jinya ba, in ban da ɗan sakin roba da tsufa ya kawo mata, wanda allura da zare suka yi maganinsa. Almakashi ne ajalinta.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba: shuɗin ƙyalle ce mai zagaye wuyan hannu, da maɓallin ƙarfe a ciki yana taɓa fata, da murɗaɗɗiyar waya, a ƙarshenta kuma ɗan baki mai haƙora irin na kada. Aikinta ɗaya tak, ta kwashe wutar da ke taruwa a jikin mutum ta zuba a bututun ruwan zafi mai ɗumama ɗaki.

Kowa ya san hunturunmu. Iska a bushe, riga ta ulu, safa ta ulu, ƙasa shimfiɗar gashin tumaki. Ka miƙa wa mutum hannu, ƙyas, ku duka ku zabura. Malam ya fi kowa tara wutar nan, domin shi mai jan ƙafa ne tun yana saurayi. Da abin dariya ne kawai, sai da aka haifi jikarsa Inju, kunnenta ba ya ji. Likitoci a birni suka dasa mata na'urar ji, da ɗan abin da ke manne a bayan kunnenta. Wata rana Malam ya sunkuya zai gyara mata hula, tartsatsi ya tashi daga yatsarsa ya sauka a kan na'urar. Yarinyar da ta fara waiwayowa idan cokali ya faɗi ta koma cikin shiru, kuma a cikinsa ta zauna makonni, har dusar ƙanƙara ta ba da hanya aka kai ta birni aka sake saita mata. A wannan tafiya Erkin mai gyaran waya, tsohon ɗalibin Malam, ya ciro marigayiyar daga teburin aikinsa ya ɗaura masa.

Tun ranar ba ta ci amana ba. Malam ya kankare fenti a wuri ɗaya jikin bututun, ya ja kujerarsa kusa, nan ya zama ajinsa. Marigayiyar ba ta da surutu. Kalmarta ɗaya ce, idan aka maƙala bakinta a bututu: ƙat. Inju ta san wannan sauti tun kafin ta san sunanta. In ta ji ƙat, sai ta rarrafo ta hau cinyar kakanta a fara darasi, ya ɗora tafinta a maƙogwaronsa ya ja “aaa”, ita ma ta ja. In ba ta ji ba, ba ta hawa.

Marigayiyar ta sha gori, ba ta taɓa ramawa ba. Babbar mai gorin ita ce Kulash ta gidan ƙasa, tsarar Malam, a shekara ɗaya aka haife su, don haka a al'ada babu abin da ba za ta iya gaya masa ba.

“Sagindik, gonar wa ka ci aka ɗaure ka?” haka take cewa tun daga ƙofa. “In kawo maka ciyawa?”

“Kawo,” in ji Malam, “in dai ba ke kika dafa ba.”

Ga yadda ajalin ya zo. Inju ta yi jinkirin tafiya, to da ta fara ɗaga ƙafa sai aka sa ranar yanke mata dabaibayi, yadda al'adarmu take. Aka ɗaure mata ƙafafu da zare baƙi da fari, aka zaɓi Kulash ta yanke, saboda duk garin babu mai saurin ƙafarta, ana so yarinyar ta gaje ta. Malam da kansa ya goyi bayan zaɓin, tunda babu mai yi wa jikarsa fatan tafiya irin tasa. Kulash ta yanke zaren, mata suka watsa alewa, mai molo ya kaɗa. Sai ta juyo, almakashin yana hannunta, ta hango Malam a kusurwarsa.

“Jama'a, saura ɗaya! Ga wani jaririn nan bai taɓa tafiya ba!”

Kafin ya buɗe baki ta datse wayar. Ɗaki ya ɗauki shewa, aka watsa masa alewa shi ma, dattawa biyu suka kama shi suka ja shi a kan shimfiɗa har tsakiyar falo, da safarsa ta ulu. A daidai lokacin Inju ta saki hannun uwarta ta taho, ta wuce kowa, hannuwa a sama, shi ta nufa.

Balnur, uwar yarinyar, wadda tun da ta shigo gidan ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba, ta ce, “Baba, kada ka taɓa ta!”

Waɗanda suka ga Malam ya ɗaga hannuwa yana gudun jikarsa da baya, ya taka farantin fanke, ya kifar da kofin shayin liman, sun ga gaskiya, kuma ba ya neman a ɓoye. Ya kai ga bututun ya damƙe shi. Tas! Har na bakin ƙofa sun ji. Molo ya yi shiru.

Inju ta iso ta tsaya a gabansa. Ya buɗe mata hannun dama, ta ƙi hawa. Ta dube shi, ta dubi guntun wayar da ke lilo a jikin bututun, ta kama ta miƙa masa. Malam ya cire bakin ya sake maƙalawa. Ƙat. Sannan ta hau. Wannan ce maganar marigayiyar ta ƙarshe, ta kuwa faɗe ta bayan rai ya yi halinsa.

Da baƙi suka ragu Kulash ta zo ta tsaya a kansa, muryarta ta sauko. “Wallahi na zaci horon kanka kake yi. Tun bara kana kusurwa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Na ce bari in sake ka.”

“Wa ya ce miki saki nake nema?” in ji shi.

Malam yana godiya ga masu ba da haƙuri, yana kuma roƙon a rage shawara. Masu cewa ya taɓa bututu sau ɗaya ya wadatar, su tuna yaro ba ya zama wuri ɗaya, tsoho ma yana mutsu-mutsu a cikin ulu. Masu cewa a haɗa wayar da salatif, an kira Erkin, ya ce zai iya yi amma ba zai rantse a kai ba, kunnen Inju kuwa ba wurin gwada wataƙila ba ne. Masu cewa Allah ne Ya kwance shi ya huta, Malam yana amsa musu cikin ladabi cewa Kulash ce ta kwance shi, kowa ya gani.

Marigayiyar ta bar bututu mai tabon fenti, da kujera guda, da yarinya mai iya cewa “Kaka” da “shayi” da “a'a”, ta ƙarshen ta fi fita sosai.

Ƙasa ta daskare, ba za a iya haƙa ba, don haka za a kwantar da ita a akwatin gida tare da zaren dabaibayin Inju, tunda almakashi ɗaya ne ya raba su da aiki. Bakin mai haƙora ba zai bi ta ba, Inju ta hana. Za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis bayan azahar, akwai shayi da madara da sabon fanke. Kowa ya taɓa bututun bakin ƙofa kafin ya shigo. Dattawa su yi wa Malam afuwa, ba zai miƙe ba, ba kuma zai gaisa da hannu biyu yadda ya kamata ba, domin hannun hagunsa yana kan bututu har magajiyar marigayiya ta iso.

Kulash ce ta hau motar birni za ta ɗauko magajiyar, tunda dai saurin ƙafa gare ta. Kafin ta tafi ta leƙo ta tagar ɗakin tana tambaya ko a sayo mai doguwar waya, ya riƙa kaiwa ko bakin ƙofa ne. Malam ya ce a kawo daidai tsawon marigayiyar. Mai sabon sunan tsokana ya zo da abinsa ranar Alhamis, zai same shi a kusurwarsa. Sai dai ya faɗa da ƙarfi, a fili, yana fuskantar Inju. Tana koyon kalmomi.