Arzika da Tagwayen Argungu

"Wanga baya nau, ko jirgin ruwa aka aza mai ba shi lanƙwasa," in ji Arzika masinja, yana dukan ƙirji a ƙofar ofishin En'e na Birnin Kebbi. Shi aka zaɓa ya riƙe sabuwar tuta a gaban jerin gwano ranar bikin 'yancin kai, kuma tun daga nan ko masu tallan goro ba su huta da labari ba.

Abin da Sarkin Cika-baki bai faɗa ba, ɗan'uwa, bayan nasa ya daɗe yana cizonsa. Ko ruku'u sai ya dafa bango. Matarsa Laure ce ta tasa shi gaba har asibiti.

Likita ya latsa nan, ya latsa can, ya ce ya riƙa kwana a kan katako, kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi.

"Katako? Ni kifi ne da za a shanya?" in ji Arzika da suka fito. "Tagwaye za su taka min shi, in miƙe."

Ka dai san yadda ake yi: ɗan tagwaye ake nemowa, ƙarami, guda ɗaya, ya ɗan taka a hankali. Gogan ya ce ƙaramin yaro maganin ƙaramin mutum ne. Ana gobe biki ya hau motar Argungu, ya sami Hasan da Husaini, masunta, ƙattin da kowannensu ke saɓa giwan ruwa a kafaɗa.

"Baba, wa za ya hau?" in ji Hasan.

"Ku duka. Ni ban shan rabin magani."

Suka hau. Wani abu ya ce ƙas. Arzika ya zabura zai gudu, ƙafarsa ta sarƙe cikin taru, jijiyar agara ita ma ta ce ƙas.

Washegari tagwayen suka sauko da shi a tashar Birnin Kebbi kwance a kan ƙyaure, za su kai shi wurin likitan da ya raina. Don kada a gane shi, ya sa Laure, da ta zo tarbarsu, ta lulluɓe shi da farin mayafi har kai. Hanyar asibiti kuwa ta gaban filin biki ta bi, inda abokin gabarsa Tamba ke riƙe da tuta a madadinsa yana washe haƙora.

Mutane suka ga an ɗauko mutum a lulluɓe, suka bar jeri suka biyo baya da salati.

"Wa ya rasu?"

"Ga Laure nan, ai Arzika ne."

"Allah sarki. Gari za ya yi shiru."

Gogan ya kasa daurewa. Ya yaye mayafi ya ɗago kai.

"Ban mutu ba. Kuma ku duba, Tamba a karkace ya riƙe tutar. Da ni ne..."

Wata tsohuwa ta dafa Husaini.

"Ɗana, ku hanzarta da shi. In ya soma cika baki, ba a samun binne shi yau."