Masanin Giyar da Bai Taɓa Kurɓa Ba

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da ranar da bakina ya ja mini a wani gidan abinci a Paris.

Lokacin ina karatu a Bron, wani gari da ke gefen Lyon a Faransa, na taɓa zuwa aikin tsinkar inabi a gonakin da ke kan tsaunukan bakin kogin Rhône, kudu da Lyon. Gangare ne na gaske, kana tsinka kana salati. Mai gonar dattijo ne mai surutu. Muna aiki yana ba mu labarin syrah, baƙin inabin da suke yin jar giyarsu mai ƙarfi da shi: wai tana ƙamshin masoro da hayaƙi, wai ba abin da ya dace da ita kamar gasasshen naman rago ko tsohon cuku. Ni kuwa na kwashe duka na adana a kai. Giya kam ban taɓa kai ta baki ba, ba ni kuma da niyya.

Da na gama karatu, Yaya Hadiza, wata 'yar Zinder da ta girme ni nesa ba kusa ba, ta tsaya mini na samu aikin gwaji a kamfanin da take, a Paris. Mutuncinta ta sa a gaba. Ana dab da yanke shawarar ko za a riƙe ni, sai shugabarmu, wata Bafaranshiya, ta tafi da mu biyu cin abincin rana da wani babban abokin ciniki, mutumin Lyon. Na ce a raina yau sai na burge.

Aka zaɓi naman rago. Mutumin ya ambaci giyar yankinsu, ni kuwa na ga hanya ta samu. Na zazzage musu duk abin da dattijon nan ya faɗa, masoro, hayaƙi, cuku, har da lumshe ido kamar tana bakina (Yaya Hadiza tana ta taka mini ƙafa, ni a zatona teburin ne ya yi ƙunci). Mutumin ya ji daɗi, ya dubi mai kawo abinci ya ce, "Ga masani nan, shi zai ɗanɗana mana."

Ashe a can in an buɗe kwalba, mutum ɗaya ake ɗan tsiyaya wa, kowa ya zuba masa ido har ya kurɓa ya ce ta yi, sannan a zuba wa saura. Aka tsiyaya mini. Sha dai ba zan sha ba, in kuma na faɗi gaskiya na zama maƙaryaci a gaban baƙo, na kunyata wadda ta kawo ni. Sai na ce bari in ja lokaci, in juya kofin yadda na ga suna yi. Amma hannuna na ɗan Maradi ne, kaɗa fura ya sani. Juyi ɗaya giyar ta yi tsalle, rabi a farar rigata, sauran a hannun rigar baƙon.

Yaya Hadiza ta matso ta ce a hankali, "Ƙanena, ajiye kofin nan kafin ka yi mana wanka duka." Sannan ta juya ga baƙon da Faransanci, tana murmushi: "Bai taɓa sha ba, Musulmi ne kamar ni. Amma da hannunsa ya tsinki inabin nan a kan tsaunukanku. Ku tambaye shi."

Mutumin ya yi dariya har da hawaye. Ashe kakansa ma a gangaren nan ya yi dakon kwandunan inabi. Muka koma hirar ciwon baya da gwiwa, shugabarmu ta ɗanɗana giyar da kanta, ni aka kawo mini ruwa. Aikin kuma aka riƙe ni, har yau ina ciki.

A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina ta warin giya, ina tunanin inda zan sauya riga kafin la'asar, Yaya Hadiza ta ce, "Da ka ce je ne bois pas, ba na sha, tun farko, wa zai dake ka? Ni kullum haka nake faɗa, ka ga an kore ni?" Wallahi har yanzu in na tuna ta a wurin nan sai na yi mata addu'a, don 'yar'uwa ta jini iyakar abin da za ta yi ke nan.

Yanzu in aka kawo kwalba, tun ba a buɗe ta ba nake cewa ba na sha. Faɗin hakan ya fi wankin farar riga sauƙi.