Rasuwar Kwamfutar da Ta Tafi da Mintocin Durun

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ta riga ta gama da shi, Malam Dalhatu mai allon sallah na bakin tashar Gwarzo yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da limamai da ladanan da yake yi wa aiki, rasuwar kwamfutarsa wadda aka fi sani da Hajiya Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin shagonsa bayan doguwar jinya, saura kwana goma sha tara a kama azumi. Shekararta goma sha ɗaya a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar waje kafin a kawo ta gwanjo, waɗanda ba ta taɓa ba da labarinsu ba.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ita ce mai haɗa manhajar allunan nan masu jajayen lambobi da ke rataye a masallatai suna nuna lokacin kowace sallah. Dalhatu ke ƙera allon da hannunsa, amma ɗan cif ɗin da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar allon, bai san Azahar ba balle La'asar sai an ɗura masa manhaja, ita kuwa manhajar ba ta haɗuwa daidai sai a cikin Hajiya Baƙa. Dalili kuwa, akwai wasu 'yan bayanai da take riƙe da su, waɗanda masu sana'ar ke ce wa bariyabul. Ba a cikin rubutun manhajar suke ba, a jikin kwamfutar suke zaune, kamar yadda mai girki ke sanin gishirin miyarta ba tare da ta rubuta ba. Duk sanda za a haɗa ta wani gari sai ta leƙa ta ɗauko: ina kayan haɗin suke, wane irin cif ne, ina garin yake a taswira, sannan minti nawa za a ƙara wa Magariba.

Waɗannan mintoci su ne dukiyar marigayiya. Shekara tara da suka wuce, garin Durun na da ladanai biyu da ba sa ga maciji a kan faɗuwar rana. Ɗaya mai gaggawa ne, ɗayan kuma sai ya ga duhu ya fara shiga ido. Da azumi rabin gari na shan kunu, rabi na zaune suna hararar su. Aka rasa wanda kowa zai yarda da shi sai Malam Mijinyawa na Getso, tsohon malamin da ba a taɓa kama idonsa da kuskure ba. Dalhatu ya goya shi a babur gari-gari, tsohon yana hawa soron masallaci yana kallon yamma, kwana bakwai a kowane gari, sannan ya faɗi abin da za a ƙara a kan lissafin na'ura. Dalhatu ya riƙa shigarwa nan take, kwamfuta a kan cinya, da niyyar in ya koma gida zai kwafe a takarda. Shekara tara ke nan yana komawa gida kullum.

An shaidi marigayiya da haƙuri. Batirinta ya riga ta tafiya da shekara huɗu, ba ta ce uffan ba. Da mai ya yi tsadar da janareta ya koma abin ɗora buta, takan zauna kwana uku a rufe tana jiran a kawo wuta, in an kawo ta tashi ta ɗora daga inda ta tsaya. Aibinta ɗaya shi ne nawa: in ka kunna ta, za ka iya yin alwala, ka ci ƙosai, ka gaisa da maƙwabta, ka dawo ka tarar tana miƙa. Uwaliya, matar Dalhatu, ta daɗe da gano cewa baiwar Allahn nan ba za ta dawwama ba. Har littafi mai layi ta sayo masa don ya kwafe abin da ke cikinta. Ya rubuta bisimilla a shafin farko, ya ja layi da rula, ya ajiye.

Ciwon ajali ya fara ne daga fanka, wadda ta koma kukan “ƙirrr” kamar keken ɗinki. Daga baya aka fara jin “ƙit, ƙit, ƙit” daga can ciki, Dalhatu ya ce sanyi ne. Ana cikin haka aka kawo wuta da ƙarfi a Durun, allonsu ya ƙone ƙurmus, aka aiko masa a cikin buhu tare da saƙon cewa ana so kafin a ga wata.

Ranar Talatar ya kunna ta sau uku ba ta tashi ba, a na huɗu ta buɗe ido da ƙyar. Jikinsa ya ba shi, ya ɗauko littafin Uwaliya, ya buga umarnin da ke zayyano bariyabul ɗin gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka shigar da su. Suka fito a jere, ya bi su layi-layi yana kwafa. Ya samu na Gwarzo, ya samu na Getso da na Sabon Birni da na Kabo. Ya gangara ƙasan jerin, ya hango sunan Durun ya leƙo a layin ƙarshe, ya sunkuya don ya ƙarasa lambar da ke bakin alƙalaminsa. Kwamfutar ta ce “tit”. Da ya ɗago, fuskarsa kawai ya gani a baƙin gilashi. Masu shirin tambayar me ya hana shi ɗaukar hoto da waya, ana roƙonsu su yi haƙuri, Uwaliya ta riga su.

An kai ta wurin masu gyara a birni, suka juya ta, suka ce ma'ajiyarta ta narke, sai dai haƙuri. Daga can Dalhatu ya wuce Getso. Ya tarar da Malam Mijinyawa a zaure, idon nan da aka yi ta yabo ya rufe shekara biyu ke nan. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan ya sunkuyar da kai ya tambayi mintocin Durun. Tsohon ya ce, “Dalhatu, ai na ba ka ka ajiye. Ni da na ba ka, sai na sauke.”

Dalhatu zai iya sa minti biyu ko uku ya rufe allon, ba wanda zai gane. Ya yi wannan tunanin a kan babur tun daga Getso har gida, ya kuma ji kunyar kansa, domin minti ɗayan nan azumin mutane ne, kuma da sunan tsohon za a sha ruwa. Labari ya riga ya zo cewa ladanan nan biyu kowa ya fara gyaran murya.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da maus, wato ɗan linzaminta, mai ciwon gefe guda, da allunan masallaci ashirin da shida da ke aiki ba su san an yi musu rasuwa ba. Ta bar wata sabuwar kwamfuta ta aro, mai sauri da kyan fuska, wadda aka gwada ta haɗa manhaja ta fito da Magaribar wata ƙasa. Ta kuma bar littafi mai layi, da shafi ɗaya da rabi a rubuce.

Ba za a yi mata wanka ko sallah ba, don ba a so 'yan Hisba su zo neman ƙarin bayani. Za a naɗe ta a tsohon zanen Uwaliya a sa ta a saman kwaba gobe Alhamis bayan La'asar. Ba za a zauna karɓar gaisuwa a shago ba. Daga ranar Juma'a har kwana bakwai, duk mai son yin ta'aziyya ya sami Malam Dalhatu a kan soron masallacin Durun kafin rana ta faɗi, inda zai tsaya da agogo da littafi, da ladani ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Tsanin hawa soron yana da matakala guda da ta karye, a hau a hankali. Kada a kawo abinci. Wanda Allah ya bar wa ido mai kyau, shi ake roƙo ya zo da wuri.