Gaɓa Ɗaya Aka Ce, Ba Gaba Ɗaya Ba

Jiya da hantsi aka fitar da ni daga ɗakin taron wani otal, cikin ladabi da girmamawa, ƙarti biyu suna riƙe da hannuwana kamar tsohon da ake tsallakar da shi titi. Ban zagi kowa ba, ban taɓa farantin kowa ba, don ba a ma kai ga rabon abinci ba. Laifina kawai na yi tambaya a kan harafi ɗaya. To tunda an hana ni ƙarasawa a can, ku za ku sha ta, masu karatu. Ku gyara zama.

Maganar ta faro ne wata takwas da suka wuce, a layin mai. Kun san nan ne kaɗai wurin da manya suke da tabbacin za su same mu a tattare, ba mai gudu, don duk wanda ya gusa ya rasa gurbinsa. Ina zaune kan babur ɗina rana tana dafa ni, sai ga wata malama da farar riga mai tambari, tana raba takardu da biro. Ta ce bincike ne na manyan masana, suna son gano irin maganar da za a yi wa jama'a su yarda su taimaki marasa lafiya. Muka ce madalla. Mutumin da ke layi, ko takardar sabulu ka miƙa masa sai ya karanta.

Tambaya ta ɗaya, shekarunka nawa. Ta biyu, mece ce sana'arka. Ta uku, kana jin rediyo. Ta huɗu ce ta hargitsa layin, ga ta nan yadda aka buga ta, ban ƙara ba ban rage ba: "Shin za ka yarda a cire maka gaba daya domin ceton ran wani?"

Wani mai tasi da ke bayana ya karanta, ya goge ido ya sake karantawa, ya ce, "Malama, gaba ɗaya kuma? Ba za a bar wa mutum ko abin komawa gida ba?" Sai wani dattijo mai tabarau, da ganinsa ka ga tsohon malamin makaranta, ya ce a'a, ba ku fahimta ba, gaba ake nufi, gaban ɗa namiji, guda ɗaya. Kowa ya gyara zaman rigarsa. Can mai tasi ya nisa ya ce, "Guda ɗaya? To su masanan guda nawa ne da su?"

Na ja malama gefe na ce don Allah ta fitar da ni daga duhu. Ta rage murya ta ce, "Baba, gaɓa ce. Gaɓa ɗaya ta jiki, kamar ƙoda. Kwamfutar da aka buga da ita ce ba ta da haruffa masu ƙugiya."

Na ce, "To ki faɗa wa mutane mana, 'yata."

Ta ce, "An hana mu. Ƙa'idar bincike ce, ba a yi wa mai amsa bayani, kar a karkata masa ra'ayi."

Ba a kuwa karkata ra'ayin kowa ba. Mutane suka danna A'a har biro yana huda takarda. Ni ma da aka yi wa raɗa, na zauna na yi tunani: takarda za a ajiye, ba raɗar malama ba, ranar da aka zo cika alkawari abin da ke rubuce za a bi. Na zaɓi A'a, na sha iska.

Da a nan ta tsaya, da labarin dariya ne kawai na wurin hira. Amma ina da maƙwabci mai walda, katangarmu ɗaya shekara goma sha tara. Ƙodojinsa sun daina aiki bara waccan. Sau biyu a mako ake kai shi asibiti wankin ƙoda, ya dawo kamar rigar da aka matse. Mutumin da yake ɗaga ƙyauren ƙarfe shi kaɗai, yau matarsa ke auna masa ruwan sha da ƙaramin kofi, yana binsa da ido. Wallahi in na leƙa shi sai na dawo gida na kasa cin abinci.

Yana da ƙane, direban babbar mota. Ba wanda ya lallashe shi, ba wanda ya nuna masa hoto; ya dawo daga tafiya ya ga yayansa, ya ce a gwada shi. Aka gwada, jini ya dace. Likita ya ce su yi haƙuri kaɗan, sashen dashen ƙoda ya kusa buɗewa, an shafa fenti, injuna suna cikin kwali. Suka yi ta jira. Watan jiya likitan ya kira su yana sunkuyar da kai, ya ce an ɗage buɗewar. Wai rahoton masana ya isa teburin manya, kuma rahoton ya nuna mutum casa'in da shida cikin ɗari ba za su taɓa bayarwa ba. To me za a yi da ɗakin tiyata in babu masu bayarwa? Sai an fara wayar mana da kai tukuna.

Shi ya sa da direba ya ji za a gabatar da rahoton a otal, ya zo ya ce, "Malam, kai da kake rubutu a jarida, ka raka ni. Ni in na shiga irin wurin nan bakina ɗaurewa yake."

Jama'a, a yaba wa wanda ya yi aiki. Ɗakin nan sanyi kamar cikin firij. An ba kowa jaka da hula da biro mai kyau, irin wanda ba ya huda takarda. Mai girma Babban Jagoran Nazarin Zukatan Talakawa, Allah ya ƙara masa basira, ya hau dandamali ya haska mana wata jar da'ira a bango, ya ce wannan jan duk mu ne. Ya ce sun gwada mana saƙo mai sa tausayi, ba mu ji ba. Sun gwada mai tsoratarwa, ba mu ji ba. Ya lissafa dalilai uku: jahilci, camfi, da son kai. Sannan ya cire tabarau ya ce akwai wani abin mamaki da ilimi bai gano kansa ba tukuna, wato maza sun fi mata firgita da tambaya ta huɗu nesa ba kusa ba. Aka yi ta gyaɗa kai ana rubutawa.

Na ɗaga hannu, aka miƙo mini lasifika. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗaya ne daga cikin jan nan. Ka taɓa karanta tambaya ta huɗu da bakinka, da ƙarfi, a gaban surukinka?" Na zaro kwafin da na ajiye, na nuna masa b ɗin da ba ta da ƙugiya, na yi bayani iya abin da kunya ta bari.

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya taka wa takalmi. Ya ce, "Mun gode da tsokaci. Amma takarda dubu huɗu muka tattara, kwamfuta ta tace su, masana na ƙetare sun duba sun sa hannu."

Na ce, "Su masanan suna jin Hausa?"

Ya ce, "Ba sai sun ji ba. Lambobi suke dubawa."

A nan direba, wanda ya ce bakinsa ɗaurewa yake, ya miƙe yana murza hular da aka ba shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma A'a na rubuta, a layin tasharmu. Amma ga ni. Ƙodata biyu, yayana ba shi da ko ɗaya mai aiki. Wa zan gani a cire?"

Sai fuskar Jagora ta washe. Ya ce, "Kun gani! Irin wannan muke nema. Bawan Allah, wanne daga cikin saƙonninmu ya sauya maka ra'ayi, na rediyo ko na bango?"

Direba ya ce, "Ƙafar yayana ce ta kumbura."

Jagora ya duba takardarsa ya ce babu wannan a jerin amsoshi. Ya umarci sakatare ya sa shi a ƙarƙashin "da sauransu".

Daga nan Mai girma Shugaban Kwamitin Sa Ido Kan Kwamitoci ya tashi ya sanar da zango na biyu na binciken, wata goma sha takwas, da tarurruka a otal huɗu. Ya ce sun saurari koken jama'a, don haka a wannan karon an sauƙaƙa harshe, an kira abu da sunansa. Aka yaye ƙyalle daga jikin wani ƙaton allo, ana tafi. Ga abin da ke rubuce da manyan baƙi: KA BA DA KODA.

Ni dai karantawa na yi kamar yadda aka koya mini a aji ɗaya. Na ce, "Ka ba da ko da me, ranka ya daɗe? Ba ku ƙarasa ba." Ban san lasifika tana hannuna har lokacin ba. Abin da ya biyo baya kun riga kun ji shi.

Da yamma muka je wurin mai walda. Yana kwance kan tabarma a ƙofar ɗaki, matarsa na zaune gefe. Ni na ba da labari. Da na zo kan maganar mai tasi, mai walda ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai ya ce in miƙo takardar. Na sa yatsa na nuna masa harafin, na zana masa yadda ya kamata kansa ya lanƙwasa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Maƙwabci, wannan 'yar lanƙwasar ce kawai? Da ƙarfe ne, ai ko wuta ba sai na kunna ba."

Ya ɗaga hannu zai gwada mana yadda ake murɗa kan ƙarfe, amma hannun ya gaza. Matarsa ta kama ta mayar masa kan ƙirji. Ita ba ta yi dariya ba tun farko. Ta ce, "Baban yara, ka bar wasa. Malam, yaushe suka ce za su buɗe?" Na ce sai an kammala zango na biyu. Ta ce wata nawa ke nan. Na faɗa mata. Ta dubi ƙafafun mijinta, ta tashi ta shiga ɗaki.

Af, kar in yi wa manya rashin adalci. Kafin mu bar otal sakatare ya biyo direba da gudu ya ba shi katin gayyata, wai ya zo taron rufe zango na biyu tare da yayansa a ɗauke su hoto, don su zama abin koyi. Mun isar da saƙo. Mai walda ya ce a gaishe da masu girma, a ce musu zai yi iya ƙoƙarinsa ya jira su, amma in ba su gan shi ba kar su ɗauka raini ne.