Kaftin Badaru da Doyar Azumi

Duk faɗin Jidda, daga Madain Fahd har Abhur, babu wanda ya san teku kamar Kaftin Badaru. Shi da bakinsa ya tabbatar mana, kuma ba sau ɗaya ba. A iƙamarsa dai, wato katin izinin zama, an rubuta direban gida, amma wannan ƙarancin sanin masu rubutun ne. Mutumin da kullum yake kai kafilinsa, wato maigidansa, bakin ruwa, ya zauna a mota yana kallon teku har maigida ya dawo, ai ya wuce direba. Hular matuƙan jirgi ma yana da ita, fara sol, daga kasuwar gwanjo.

To, matan unguwar Sa'alaba masu sayar da kuka da daddawa da garin rogo sun gaji da jiran jakunkunan 'yan umara. Shugabarsu, Hajiya Mariyamu, ta ce bana su haɗa kai su sa a aiko musu da doya daga gida, kwantena guda ta ruwa, ta iso kafin azumi, unguwa ta sha ruwa da sakwara. Takardu akwai mai yi musu. Abu ɗaya ya rage: a je a duba tashar jiragen, a ga ko doya za ta jure zaman can, ko sai an ɗauki kwantena mai sanyi. Wa za a aika in ba Kaftin ba?

Ya kafa hula ya nufi Abhur, wurin da attajirai ke ɗaure ƙananan jiragensu na shan iska, don shi a saninsa duk inda jirgi ya tsaya tasha ce. Ya buga ƙafa a kan katakon gada, ya ji bai motsa ba. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. Wani mai hidima ya zaci baƙon maigida ne, ya miƙo masa gahawa da dabino. Nan take darajar tashar ta ƙaru.

Da la'asar ya tara matan a zauren Hajiya, ya gyara murya.

"Ya jama'a, na zagaya tashar nan lungu-lungu. Tsabta, mashaallah. Inuwa ko'ina. Iska kuwa har sai da na nemi mayafi. Kwantena mai sanyi, wannan na ƙasashen da ba su waye ba ne. Ku turo doyarku a na ƙarfe zalla. Halas."

Fauziyya, ƙanwar Hajiya, ta tambaya ko ya ga injinan sauke kaya. Ya dube ta da tausayi, ya sanar da ita cewa tashar zamani ba ta baje kayan aikinta a idon baƙi.

Ranar da aka ce kaya sun fito, Kaftin ya cika mota da mata, ya ce yalla, ya miƙa arewa. A ƙofar wurin shan iskar ya sauke gilashi, ya ce wa mai gadi ya zo karɓar doya. Mai gadin ya dubi hular, ya kira abokin aikinsa ya ce a maimaita masa. Da suka gama dariya suka nuna kudu: tashar kaya tana can bayan Sa'alaba, wadda Hajiya ke hango dogayen ƙarafanta in ta hau rufi shanya.

A hanyar dawowa Kaftin ya bayyana cewa waccan ta kudu reshe ce, shi hedikwata ya duba.

Kwantenar kuwa ta sha teku, ta sha ranar Jidda a kan siminti, sannan aka kawo ta sito. Da aka buɗe ƙofa, tururi ne ya fara yin sallama, wari ya biyo baya. Doyar da ke ƙasa ta zama kunu. Ta sama, 'yar kaɗan, ta yi tsiro.

"Kun gani?" in ji Kaftin, hannu a hanci. "Ƙasar da doya ke tsirowa a cikin ƙarfe. Wannan ai albarka ce."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Mai sito ya riga ya gaya mata ba a mayar da kwantena sai an kwashe an wanke. Ta ɗauko shebur da bokiti ta ajiye a gabansa.

"Bismillah, Kaftin. Mu mata ne, ba mu san aikin jirgi ba."

Ya naɗe ƙafar wando ya shiga. Ranar ce karon farko da Kaftin Badaru ya taɓa sa ƙafa a cikin abin da ya hau teku.