Turakun da na kai Tumbutu

Ni mutum ne mai komawa gida sau biyu don duba ƙofa. Da surukina Alhaji ya ɗora mini kafa tantin sunan jikarsa a Tumbutu, kwana uku na yi ina gwada turaku a gidana a Malanbil. Ƙasarmu fako ce, na icce duk suka karye. Sai na sa maƙeri ya ƙera mini gajeru na ƙarfe, har na shafe su da mai.

Gidan Alhaji kuwa bakin kogi yake, kan rairayi. Wani tsohon masunci ya ce, "Ɗana, rairayi dogon icce yake so."

Na ce, "Baba, na gwada." Na kafa tantin da gajerun turakuna.

Liman na tsakiyar addu'a, 'yar iska ta hura. Tantin ya sauko a hankali ya lulluɓe dattawa. Sunan jaririyar ma daga ƙarƙashinsa muka ji. Alhaji ya rarrafo ya fito, hularsa kawai ya nema.

Yau yarinyar tana makaranta. Amma ko akuya zan ɗaure, ƙannen matata sai su ce, "Yaya, bar mana, mu riƙe ta da hannu."