Minti Biyar ga Dattijo

Ba zan taɓa mantawa da Umarar da muka je bayan kaka, shekaru uku da suka wuce ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Bari in fara da aikina, don daga nan laifin ya samo asali. Na haura shekara ashirin ina karanta labarai da sanarwa a gidan rediyo. A ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, idan musu ya yi tsanani a kan zuwan taki ko ganin wata, abin da ke kashe shi kawai wani ya ce ai Ɗan Rediyo ya faɗa. Sunan da suke kirana da shi ke nan. (Har mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da shi ta koma kirana a ƙarshen rayuwarta.)

A wannan shekarar wani kamfanin tafiye-tafiye da ke Kano ya kawo tallan Umara, aka ba ni in ɗauka da muryata, mai kamfanin kuma ya yi mini tukwici da kujera ɗaya a tawagar. Har yau na haddace tallan. Kwana goma a Makka, abinci irin na gida, otal mai kyau wanda daga ƙofarsa zuwa ƙofar Harami tafiyar minti biyar ce ga dattijo. Sai layin ƙarshe, wanda ke cewa kamfani na iya sauya masauki da makamancinsa idan hali ya yi. Irin wannan layin yana da salon karatunsa a aikinmu. Cikin numfashi ɗaya ake karanta shi, kowace kalma ta fita sarai, amma kada kunne ya riƙe ko ɗaya. A gidan rediyonmu babu wanda ya kai ni iya wannan, kuma ina alfahari da hakan a lokacin.

Mutum goma sha ɗaya suka yi rajista daga ƙauyenmu da maƙwabta. Cikinsu har da Malam Haladu, wanda ya koya mini karatun allo, gonarsa kuma tana jikin tamu, wata tsohuwar ɗorawa ce kawai ta raba mu. Ya haura saba'in, bai taɓa zuwa Makka ba, 'ya'yansa ne suka haɗu za su kai shi. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa. Ko masallacin gari da sanda yake zuwa, sai ya tsaya ya huta sau ɗaya a hanya. Burinsa a bayyane yake, ya faɗa wa kowa: salla biyar a Harami, kwana goma, salla hamsin ke nan, daga nan ko Allah ya ɗauke shi ya gode.

Kafin ya ba 'ya'yansa izini, sai da ya aika aka kira ni zaurensa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce, "Minti biyar ɗin nan da ka faɗa, na ƙafarka ne ko na ƙafata?"

Na ce, "Na ƙafarka ne, Malam."

Ban taɓa ganin otal ɗin ba, ko a hoto. Amma na faɗa da irin muryar da nake karanta labaran ƙarfe bakwai.

Da muka isa Makka, bas ɗinmu ta wuce dogayen gine-ginen da ke kusa da Harami, ta ci gaba da tafiya, ta shiga wata hanya ta cikin dutse, ta fito, ta fara hawan tudu. Inda ta tsaya wani tsohon gini ne mai hawa takwas a ƙarshen wani lungu. Jagoran tawagarmu, Isyaku, ya miƙe ya yi bayani cewa wancan otal ɗin ya cika, an ba mu makamancinsa. Sabo Direba, wanda ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Tsanyawa da Kano kuma bakinsa ba ya ajiye magana, ya leƙa ta taga ya ce lallai ya yi kama da shi, shi ma yana da ƙofa.

Ɗakin mutum huɗu aka cusa wa gado shida. Lif na hawa bene ɗaya ne, yana aiki yau ya huta gobe. Abincin gida ya zama shinkafa da wata jar miya mai tsami da burodi. Zuwa Harami kuwa sai an jira wata bas da ba ta da lokaci, idan ta sauke mutane kuma akwai sauran tafiyar ƙasa mai tsawo a cikin rana.

Ana rabon makullai Isyaku ya ja ni gefe. Ya rage murya ya ce a otal ɗin asali an samu gado ɗaya ya rage, mai kamfani ya ce a ba ni, tunda ni ɗan jarida ne. Ina so in rubuta cewa na yi dogon tunani. Ban yi ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne zan je in duba wurin kawai, in tabbatar ya dace da Malam, in dawo in ɗauke shi. Na je. Akwai ruwan zafi, akwai farin tawul, ta taga kuma ana hango hasumiyar Harami kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Na zauna a bakin gado don in huta kaɗan. Na kwana biyar ina wannan hutawar.

Ga 'yan tawaga kuwa, cewa na yi ni ma ina otal ɗinsu, a hawa na bakwai aka sa ni, su suna na biyu. Don kada a nemi dalilin da ba a ganina a wurin cin abinci ko a jiran bas, sai na ce mura ce ta kama ni mai tari, ina nesa-nesa don kada in shafa wa dattawa. Na sayi takunkumin fuska. Idan muka haɗu a Harami sai in tsaya daga gefe, in ɗaga hannu, in yi tari sau biyu. (Na taɓa fitowa a wasan kwaikwayon rediyo a matsayin mai ciwon ƙirji, har wasiƙun yabo aka aiko. Ashe ajiyar gwaninta nake yi.)

Malam ya yi Umararsa a ranar farko, da ƙafarsa, a hankali, Sabo na riƙe da shi. Bayan nan abin ya gagara. Asuba ba ya samunta, domin kafin bas ta zo ta sauke su ya ja ƙafa, an sallame. Idan ya isa da hantsi ya samu Azahar da La'asar, jikin ya gama, sai a maido shi. Ina ganinsa daga nesa yana zaune jikin ginshiƙi yana matsa gwiwa. Kowace rana nakan ce gobe zan faɗa masa. Kowace rana kuma faɗar tana ƙara nauyi, saboda yanzu ba ɗakin kawai zan bayar ba, sai na haɗa da bayanin kwanakin da suka wuce.

Abin da na manta, ni da aka haifa a garin, shi ne mutanenmu ba sa jin mutum yana kwance su bar shi da gaisuwar nesa. Dole a taka a je a duba shi.

Rana ta biyar da safe ina wurin karin kumallo, gabana ƙwai da shayi da wasu 'ya'yan itatuwa da ban san sunansu ba, wayata ta yi ƙara. Sabo ne. Na gyara murya ta koma ta mara lafiya, na amsa. Ya tambaya ko ina ɗaki. Na ce ina kwance, jikin sai a hankali, kada kowa ya wahalar da kansa.

Ya ce, "To wane ɗaki? Ga mu a hawa na bakwai ni da Malam. Duk ƙofofin mun ƙwanƙwasa. Mun gaisa da Turkawa, mun gaisa da mutanen Indunusiya, kai kaɗai muka rasa."

A aikinmu babu abin da ake tsoro kamar shiru ana tsakiyar watsa shiri. Ban san tsawon wanda na yi ba. Abin da ya fito daga bakina a ƙarshe shi ne tambaya, ko lif yana aiki. Sabo ya ce ba ya yi. Ya ce ya riga ya kira Isyaku, ya matsa masa, ya faɗi gaskiya, don haka in ajiye tarin in taho.

Na tari tasi. Na hau matakalar nan da gudu, ni mai lafiya sai da numfashina ya ɗauke a hawa na biyar. Daga baya Sabo ya ba ni labarin yadda suka hau. Ya hana, Malam ya ce yaron nan kwana biyar yana tari shi kaɗai a ƙasar mutane, wa zai ba shi ko ruwan zafi. A kowane hawa sai ya zauna ya huta. A na shida gwiwar ta yi ƙara, ya ƙarasa na bakwai da rarrafe.

Na same shi zaune a kan matakala ta ƙarshe, ya miƙe ƙafar, gwiwar ta kumbura ta cika wandon. Gefensa filas ne da wata 'yar kwalba ta zuma da ya taho da ita daga gida, an daka citta da kanumfari a ciki. Labari ya riga ya sauka ƙasa, mutanen ƙauyenmu sun hau sun jeru a matakalar, maza a sama, mata a ƙasa. Ta tsakiyarsu na ratsa. Babu wanda ya gaishe ni. Kuma, don a san iyakar wautata, takunkumin yana fuskata. Sabo ya gyara tsayuwa, ya kwaikwayi muryata daidai, har da yadda nake jan numfashi, ya ce tafiyar minti biyar ce ga dattijo. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

Malam ya ɗaga hannu, Sabo ya yi shiru. Na durƙusa. Ya ce in cire abin hancin ya gan ni. Na cire. Ya daɗe yana kallon fuskata, fuskar mutumin da ya kwana biyar yana barci mai kyau.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe lafiyarka ƙalau. Dama abin da na hawo in gani ke nan."

Ya miƙo mini kwalbar. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

A kan kujera mutum huɗu suka sauko da shi. Likita ya ce kada ƙafar ta taka ƙasa sai bayan kwana uku. Da la'asar na shiga ɗakinsu na ce wa Malam ga makullin ɗakina, a yau za a mayar da shi can. Bai yi mini kara ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce da ranar farko na kawo, da ya karɓa da hannu biyu, ba zai ɓoye mini ba. Amma yanzu ko a bakin ƙofar Harami aka ajiye gadonsa kwance zai yi, kuma su shida suka shiga ɗakin nan, su ke ɗaga shi su ke kwantar da shi, ba zai bar su ba. Ya ce in kai wa wata dattijuwa a cikin matan, wadda ita ma tafiyar ke ba ta wuya. Haka aka yi, da ƙyar Isyaku ya shirya sauyin da mutanen otal.

Ni kuma na dawo ɗakinsu na zama na bakwai, a kan bargo, daidai ƙarƙashin na'urar sanyi mai ɗigar ruwa. Kwana biyu a haka mura ta gaske ta kama ni, mai zazzaɓi da tari. Babu wanda ya ce mini sannu. Sabo ma cewa ya yi wannan karon ban iya ba, na farkon ya fi kama da gaske. Malam kaɗai ya tambaya ko ina shan zumar.

Kwana biyun ƙarshe na samo keken guragu na riƙa tura shi daga inda bas ke sauke mu. A rana ta farko, da muka isa ƙofar Harami ina haki, ya waiwayo ya tambaye ni minti nawa muka yi. Na duba agogo, don na san gaskiya yake so. Na ce talatin da takwas. Ya gyaɗa kai. A zaune ya yi sallolin, goshinsa bai ƙara taɓa ƙasan wurin ba. A jirgin dawowa ya gaya wa Sabo, ba ni ba, cewa cikin hamsin ɗin ya samu goma sha huɗu, kuma Allah ba ya raina kaɗan. Ina kujerar bayansu, na ji.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Daminar da ta biyo baya 'ya'yansa ne suka yi masa noma, shi yana zaune gindin ɗorawa yana nuni da sanda. Idan na zo wucewa yakan kira ni mu gaisa, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Mutanen gari kuwa sun tayar. Yanzu idan musu ya kaure wani ya ce Ɗan Rediyo ya faɗa, sai a tambaye shi, a farkon magana ya faɗa ko a ƙarshe.

Malam ya rasu bara, ana tsakiyar girbin gero. Babban ɗansa ya kawo sanarwar rasuwar gidan rediyo da kansa, ya ce ni suke so in karanta. Ban tambaye shi dalili ba. Na karanta ta a hankali, suna bayan suna, har mai kula da shirin ya riƙa nuna mini agogo ta gilashi.

Kwalbar zumar tana nan a kan kabad ɗina, saura kaɗan a ƙasanta, ta daskare. Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Tun daga wannan tafiyar, duk tallan da aka miƙo mini layin ƙarshe nake fara karantawa, da ƙarfi, kalma bayan kalma, yadda dattijo mai sanda zai iya biyo ni. Masu talla sun lura. Yau shekara biyu ke nan babu mai tallan da ya sake neman muryata.